Yadda na rage feshin guba a lambuna, tun daga awon ƙasa har ranar da masu dubawa suka zo

Tunda mutane suka fara ganin tarkuna a rataye cikin lambuna suke ta tambayata ta ina ake farawa, wasu ma har sukan ce in ba su sunan maganin da nake amfani da shi yanzu, sai kace magani ɗaya na canza da wani. To na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya tafi daki-daki, da kurakuran da na tafka, don wanda zai bi bayana kar ya ɓata watannin da na ɓata. Ni manomin kayan lambu ne, tumatir da tattasai da albasa da ɗan kabeji, kuma na fi shekara goma ina feshi ban taɓa karanta takardar da ke jikin kwalba ba, wallahi ko sau ɗaya. Abin da ya tayar da ni shi ne wata rana da yamma bayan na gama feshi na uku a sati ɗaya, na ji jiri, gumi yana zuba, yawu ya cika min baki, kafin in kai gida amai ya fara. A asibiti likita ya haska idona ya ce ƙwayar ta tsuke, tambayarsa ta farko kuma ita ce wane magani na fesa, ni kuwa ban sani ba, don mai shago ne ya auna min a tsohuwar robar lemo, ba suna ba komai. Kwana biyu na yi a kwance. Abin takaicin, da na koma lambu tsutsar da na kusa mutuwa saboda ita tana nan tana cin ganyenta hankali kwance.

Satin da ya biyo baya na nufi ofishin malaman gona, hannu rabbana, ina zaton in na je za a zaunar da ni a ce ga abin da za ka yi. Ranar farko malamin ya fita gonaki, na zauna a benci har azahar na tashi. Rana ta biyu taro suke yi. Sai a zuwa na uku na same shi, kuma da na san cewa akwai ranar da ya ware don zama a ofis da ban yi asarar kwana biyu da kuɗin mota ba, saboda haka ka fara tambayar wannan ranar kafin ka taka. Ya saurare ni sosai, sannan ya jero min tambayoyi: faɗin lambun nawa ne, me na shuka a kowane ɓangare cikin shekara uku da suka wuce, wane taki nake zubawa kuma buhu nawa, ruwan rijiya nake ban ruwa da shi ko na kogi, filin nawa ne ko haya. Na yi tsuru-tsuru, rabin tambayoyin ba ni da amsa. Ya yi dariya ya ce Malam, kai da lambunka kamar baƙi kuke da juna. Ya ba ni fom ya ce in dawo da kwafin katin shaida, hoto ƙarami guda biyu, da zanen lambun ko da na hannu ne a nuna rijiya da maƙwabta ta kowace kusurwa, kuma ya ce horon da suke bayarwa ba a yi wa mutum ɗaya, sai a cikin ƙungiya, don haka in nemi ƙungiyar masu lambu in yi rajista. Wannan kaɗai ya ci min sati biyu, don sakataren ƙungiyar sai ranar taronsu yake buɗe littafi.

Kafin horon ya ce in kai ƙasa awo. A nan na yi abin kunya na farko. Na je gefen da ya fi kyau a lambun, kusa da inda nake tara kashin shanu, na kwashi ƙasa jiƙaƙƙiya na zuba a tsohon buhun takin zamani na ɗauka har ɗakin awo ina jin na yi abin kirki. Matar da ke karɓa ta leƙa buhun ta ce Baba wannan ai in muka auna sakamakon buhun za mu ba ka ba na gonarka ba. Ita ce ta koya min yadda ake yi: ka bi filin a karkace kamar tafiyar maciji, ka ɗiba a wuri goma sha biyar zuwa ashirin, zurfin kamar santimita 20 bayan ka share ciyawar sama, ka kauce wa bakin hanya da gindin bishiya da inda aka tara taki, ka haɗa duka a bokiti mai tsabta ka cakuɗa, ka shanya a inuwa, sannan ka ɗebi kamar rabin kilo a sabuwar leda ka rubuta sunanka da abin da za ka shuka. In ƙasar wani ɓangare ta bambanta, misali jigawa da fadama, kowanne ledarsa daban. Na koma na yi haka, na biya, na karɓi rasit, kuma ka riƙe rasit ɗin nan da kyau don da lambar jikinsa ake nemo takardarka. Kuɗin bai kai na buhun taki ɗaya ba. An ce min sati biyu, sai da aka yi sati huɗu, kuma ni na riƙa bibiya, ba wanda ya kira ni.

Takardar da ta fito lambobi ne zalla, sai da na mayar wa malamin gona ya fassara min. Ya nuna min lambar da ake rubutawa pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ya ce yawancin kayan lambu sun fi son tsakanin 6 da 7, tawa ta ɗan gangara ƙasa da haka, kuma yawan zuba yuriya shekara da shekaru yana cikin abin da ke sa ƙasa tsami. Fosfaras kuwa ya taru ya yi yawa, saboda duk shekara NPK 15-15-15 nake zubawa ido rufe, shi kuma ba ya wankewa da sauri kamar naitirojin. Abin da ya fi ƙaranci shi ne ruɓaɓɓen ganye da taki a jikin ƙasar, wanda shi ke riƙe ruwa, shi ya sa kwamina ke bushewa kwana ɗaya bayan ban ruwa, saman ya yi tauri kamar daɓe. Na tuna rabon da in ga tana a lambun har na manta. Wato shekaru ina sayen abin da ƙasar ke da shi, abin da take nema kuma ina tarawa ina cinna masa wuta bayan girbi.

Horon shi ake kira makarantar manoma a gona, ba aji ba allo, mu ashirin da biyar muke haɗuwa sau ɗaya a sati da sassafe tun daga reno har girbi. Malamin ya ce tsarin ya samo asali ne a Indonesiya a 1989, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara shi da manoman shinkafa bayan yawan feshi ya kashe ƙwarin da ke cinye masu ɓarna, annoba ta ƙaru maimakon ta ragu. An raba fili biyu, ɗaya a yi yadda muka saba, ɗaya sabuwar hanya. Kowane sati sai mu shiga mu duƙa mu juya ganye mu ƙirga abin da muka gani mu zana a babbar takarda, ni da farko haushi abin ke ba ni, gandan-gandan da mu muna zanen ƙwari kamar 'yan firamare. Ranar da raina ya canza ita ce ranar da aka sa ganye mai cike da darɓa a cikin kwalba tare da ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya, aka rufe da yadi, da muka dawo ganyen ya yi fes. Ƙwaron nan na sha kashe shi da hannuna. Gizo-gizo ma haka, ashe ma'aikata ne da ba a biyansu.

A nan kuma aka koya mana karanta kwalba. Layin launi da ke ƙasan takarda ba ado ba ne, ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Akwai kuma adadin kwanakin da dole ka jira tsakanin feshi da tsinka, a rubuce yake, mu kuwa mukan fesa yau mu tsinka jibi don kaya su yi sheƙi. Da aka zo wurin nan kowa ya yi shiru, don duk mun san 'ya'yanmu ma daga kwandon suke ci. Tsutsar da ta hana ni barci kuma sunanta Tuta absoluta, daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifen a 2006 daga nan ta bazu. Uwar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawo da dare, tana iya yin ƙwai sama da ɗari biyu, kuma a lokacin zafi cikin kamar wata ɗaya an yi sabon zubi. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa ne ta yi rami, shi ya sa ruwan maganin ke wucewa ta samanta, waɗanda suka tsira kuma su haifi masu taurin kai tunda magani iri ɗaya muke ta maimaitawa.

Takin da na fara haɗawa ya lalace, kuma laifina ne. Na haƙa rami na zuba kashin kaji ɗanye da ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji na kwarara ruwa na rufe, bayan kwana goma wari ya hana maƙwabcina zama a bukkarsa, abin ya zama caɓi, ƙudaje kamar me. Malamin ya zo ya soka sanda ya zaro ta a sanyaye ya ce babu iska a ciki kuma babu busasshen abu. Na biyun a saman ƙasa na yi shi a inuwa, na shimfiɗa karare a ƙasa don iska, sannan hawa-hawa, busasshiyar ciyawa da ƙaiƙayi kashi biyu zuwa uku, ɗanyen ganye da kashin dabbobi kashi ɗaya, ɗan toka da 'yar ƙasa, har ya kai min ƙirji. Ruwan kuma daidai yadda in ka matsa a hannu za ka ji danshi amma ba zai zubo ba. Kwana uku na soka ƙarfe na zaro da zafi har ban iya riƙewa, an ce zafin yakan kai digiri 55 zuwa 65, shi ke kashe irin ciyawa da yawancin cututtuka. Duk sati biyu ina juyawa, na waje ya koma ciki. Sai da ya yi kusan wata uku kafin ya yi baƙi yana ƙamshin ƙasar farkon damina. Matsalar ita ce lokacin dashe ya riga ya wuce, don haka shekarar farko sai saye na yi na cike da rabin takin zamanin da na saba. Da na sani tun ranar da na fara zuwa ofis zan tara tsibin, ba ya buƙatar fom ko sa hannun kowa. Kuma kar ka zuba ɗanyen kashi a latas ko wani abin da ake ci ɗanye dab da girbi, a dokar Amurka ta noman da ba guba ba takin zamani ma sai an bar kwana 120 in abin yana taɓa ƙasa, 90 in ba ya taɓawa.

Ruwan darbejiya ma sai da na yi shirme. Na tafasa ganye a tukunya na fesa da tsakar rana, washegari na zo na ga ƙwari suna nan na ce ƙarya ce kawai. Ashe ƙarfin yana cikin ƙwallon 'ya'yan ne, a shanya a ɓare a daka, kamar giram 50 a litar ruwa ɗaya, a jiƙa ya kwana, a tace da yadi mai laushi don kar ya toshe bakin famfon feshi, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma saboda rana tana kashe ƙarfinsa, kuma a ranar za a yi amfani da shi ba a ajiyewa. Sannan ba ya kashewa nan take irin yadda muka saba gani ƙwaro ya faɗo, hana shi ci yake yi da hana shi girma, sai bayan kwanaki za ka lura. Wanda ya saba da guba wannan jiran ne ke karya masa gwiwa. Na haɗa da Bt, wata ƙwayar halitta ce da ake sayarwa a gari ko ruwa, tana kashe ƙananan tsutsotsi in sun ci ganyen amma ba ta taɓa ƙudan zuma, ita ma da yamma. Na rataya kati mai ruwan ɗorawa mai danƙo don farin ƙuda, wanda shi ke kawo cutar nan da ke nannaɗe ganyen tumatir, sai tarkon ruwa mai ɗan robar ƙamshin mace da ke jawo mazan Tuta su faɗa su mutu. Robar sai an canza duk sati huɗu zuwa shida, kuma samunta ya fi komai wahala, sai da ƙungiya ta haɗa kuɗi aka yi oda muka jira sati uku.

Shawara mafi amfani da malamin ya ba ni ita ce kar in juya lambun gaba ɗaya, in fara da kashi ɗaya cikin huɗu. Da ban ji ba da na shiga uku, don a wannan ɓangaren abin da na tsinka ya ragu sosai a karon farko, aiki kuma ya ninka, kullum da safe ina bi ina tsinke ganyen da tsutsa ta shiga ina binnewa, ga shimfiɗa ciyawa a kan kwami, ga juya taki. A sati na tara tarko ya cika maƙil cikin dare biyu, na tsorata na je na sayo magani, wannan karon a kwalbarsa mai shuɗin layi, na sa safar hannu da takunkumi da dogon wando na fesa sau ɗaya, na jira kwanakin da aka rubuta, na ɗauraye kwalbar sau uku na huda ta. Na ji kamar na ci amana, amma malamin ya ce a tsarin da suke koyarwa feshi yana nan a matsayin matakin ƙarshe in ƙirga ya nuna an kai wurin, abin da ba a so shi ne feshin kalanda. Ya ce dai in rubuta. Da na tuge tumatir ɗin kuma na ga saiwar duk ƙulli-ƙulli, ya ce tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, kuma canjin da nake yi daga tumatir zuwa tattasai zuwa gauta ba canji ba ne, dangi ɗaya ne har da dankalin turawa. Sai na sa wake a wurin, bayansa albasa. Ƙullin saiwar wake daban ne, a gefe yake maƙale kana iya ɓalle shi, in ka fasa ka ga ciki ja-ja to yana tara wa ƙasa naitirojin.

A shekara ta biyu wasu masu saye suka ce suna son kayan da ba a fesa wa guba ba amma da shaida, nan na shiga wani sabon layi. Hanya biyu ce. Akwai kamfanonin ba da satifiket masu turo jami'insu, wannan don masu fitar da kaya waje ne kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai lambu ɗaya. Akwai kuma tsarin da manoma da masu saye ke duba junansu, ana ce masa PGS, IFOAM, ƙungiyar duniya ta masu noma ba guba ba takin zamani, ta amince da shi don kasuwar kusa, shi muka bi. Abin da ban sani ba shi ne akwai lokacin jira kafin a kira kayanka organic, wato waɗanda aka noma ba guba ba takin zamani, a Tarayyar Turai shekara biyu kafin shuka ga amfanin da ake girbewa duk shekara, a Amurka wata 36, ƙungiyarmu ma tana da nata, kuma daga ranar feshin ƙarshe da ke rubuce ake ƙirgawa. Feshin nan na sati na tara ya mayar da ni baya, amma da ban rubuta shi ba da babu ranar da za a fara ƙirgawa ma, sai daga ranar rajista. Sun nemi zanen lambu, littafin aiki, rasit na iri da duk abin da na saya, da takardar alkawari da na sa wa hannu a gaban mutane.

Ranar dubawa mutum huɗu suka zo, manoma biyu, wata mai saye, da malamin gona. Ban yi barcin kirki ba a daren. Sun buɗe bukka sun duba ko akwai kwalba, suka shinshina famfon feshi suka tambaya ko shi nake ba wa ƙanena aro, na ce e, suka ce to daga yau a raba. Suka tona taki, suka bi littafina shafi-shafi, inda na tsallake sati uku ban rubuta komai ba sai da na yi bayani ina gumi. Abin da ya kayar da ni bai ma shafi aikina ba, maƙwabcina na gabas yana feshi kuma iska daga wurinsa take kaɗowa, ruwan kwaminsa ma yana gangarowa cikin nawa. Suka ce in yi shinge mai rai, in bar 'yan layuka a bakin iyaka waɗanda zan sayar daban, in gyara magudana, za su dawo bayan wata uku. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, har na ce wa matata na haƙura, ita ce ta ce ai ba don takarda ka fara ba. Na shuka masara layi huɗu a iyakar, na je na roƙi maƙwabcin ya riƙa gaya min ranar da zai yi feshi, ya yarda, har yanzu wani lokacin yana mantawa.

Cikin mu ashirin da biyar da muka yi horon kowa ya san yadda ake haɗa taki da ruwan darbejiya, in ka tambaye su za su karanto maka tiryan-tiryan, amma waɗanda suke yi ba su kai rabi ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mai hayar fili na shekara ɗaya ba zai kashe ƙarfinsa yana gyara ƙasar da baɗi za a karɓe ba. Wani mai shagon magani ne ke ba shi bashin iri da taki sai an girbe, ba zai iya juya masa baya ba. Dillali kuma sheƙi yake dubawa, tabo ɗaya a jikin tumatir ya rage maka kuɗi, bai damu da me ka fesa ba. Saboda haka in za ka fara, fara neman wanda zai saya tukuna, ka tara taki wata uku kafin dashe, ka tara 'ya'yan darbejiya a lokacin da suke zuba don in ka tashi nema a tsakiyar aiki ba za ka samu ba, ka sayi littafi mai kauri ka rubuta har ranar da ba ka yi komai ba, kuma ka je ofis da amsar tambayoyin nan a hannunka. Ni yanzu rabin lambun ne ke kan sabon tsarin, ɗaya rabin ina zuba takin zamani kaɗan bisa abin da awo ya nuna. Ban ruwa ya koma duk bayan kwana uku a inda ciyawa ke rufe. Masu dubawa za su dawo ƙarshen watan nan, masarar iyaka ta kai kafaɗa, magudanar ce dai ban gama ba.